Mesata ta daina cin ɓera

Abban Sadiq: 'Yan'uwa, ƙaramar mesata, irin mai dunƙulewa kamar ƙwallo, sati 5 ke nan ko kallon ɓera ba ta yi. In na miƙa mata sai ta cusa kai cikin jikinta. Hankalina ya tashi.

Maman Hanan: Duba idanunta. In sun yi hazo-hazo, saɓa za ta yi, ƙyale ta.

Baba Ɗanjuma: Ɗana, hunturu ne. Ɗumama gefe ɗaya na akwatin ya kai digiri 31, ka ba ta da daddare. Kada ka bar mata ɓera mai rai, ya taɓa cizon tawa a baya. Bayan ta ci, kwana 2 kada ka ɗauke ta, za ta amayar.

Abban Sadiq: Na gode Baba. Idanun garau suke, sanyin ne.