Neman shawara: ziyarar Daumatul Jandal da yara da tsohuwa

Tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Muna Madina, muna son kai yara Daumatul Jandal, tsohon garin nan na yankin Jauf a arewacin Saudiyya, a hutun hunturu, tare da mahaifiyata mai fama da ciwon gwiwa. Kwana biyu gare mu. Wace hanya za mu bi, me za mu fara gani, kuma ana wanka a tafkin garin?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam Hajiya. In da mota ne, kwana biyu ya yi kaɗan, don zuwan kaɗai wuni ne. Daga Madina sai Khaibar, sai Taima, a Ƙaliba ku bar hanyar Tabuka ku karya dama zuwa Jauf. Ku cika tanki a Taima, gaba gidajen mai nesa-nesa suke. Ko dai ku ƙara kwana ɗaya, ko ku hau jirgi zuwa filin Jauf ku ɗauki hayar mota. Masauki ya fi yawa a Sakaka, babban birnin Jauf, kuma tsakaninta da Dauma bai kai awa ɗaya ba. Kowa ya riƙe iƙamarsa, wato katin izinin zama.

Amsa ta biyu: Abin sauƙin, tsohon gari a dunƙule yake: ganuwar Marid (tsohon ginin tsaron garin), masallacin Sayyidina Umar, unguwar Dar'i da gidan tarihi duk maƙwabta ne, fakin ɗaya ya isa. Ku fara da gidan tarihi, yara su ga tukwane da rubutun kan duwatsu, su ji cewa Assuriyawa, mutanen wata tsohuwar daula a Iraƙi, sun rubuta sunan garin Adummatu, kuma Annabi (SAW) ya fita yaƙinsa a shekara ta 5 bayan Hijira, sannan Khalid bin Walid ya kamo sarkinsa Ukaidir a shekara ta 9. In ba su ji wannan ba, tarin duwatsu kawai za su gani.

Marid a kan tudun dutse take, ƙasanta ginin dutse, samanta laka. Matakalar ba daidai take ba, wata taka gajera, wata sai an ɗaga ƙafa sosai. Kada Inna ta hau. A zaunar da ita wajen masallaci, ta kalli hasumiyar: dutse kan dutse, tana tsukewa zuwa sama, tsayinta wajen mita 12, kuma hanya ta ratsa ta ƙarƙashinta. Yara su sa takalmi rufaffe, silifa kan zame.

Amsa ta uku: Malam, a gafarce ni, ni dai Marid zan sa gaba tun da hantsi, kafin iska ta taso, gidan tarihi ya biyo baya. Kuma kada a shirya shiga gidan tarihin da safiyar Juma'a.

Batun wanka kuwa, a'a Hajiya. Tafkin ba na asali ba ne, rarar ruwan ban-ruwan gonaki ce aka tara, yana da zurfi kuma sanyinsa a hunturu na sandarar da gaɓoɓi. Ku je bayan La'asar da darduma da filas ɗin shayi, ku riƙe hannun ƙananan. Rana na faɗuwa sanyi zai sauko, sanyin Jauf kuwa ba irin na Madina ba ne, har ƙanƙara yakan yi. Rigar sanyi mai kauri, hula, da safa biyu ga Inna.

Amsa ta huɗu: Washegari kafin komawa, ku leƙa tsayayyun duwatsun Rajajil kusa da Sakaka, a fili suke babu hawa, Inna ma za ta iya. Tsaraba kuma man zaitun da dabinon Hilwa.