Ragar waya da tsatsar Legas: wa ya taɓa shiga irin halin da na shiga?

Maman Khalifa, Ikorodu

Assalamu alaikum jama'a. Kaji 200 nake kiwo a bayan gida, masu ƙwai. Kafin damina ta sauka na sa aka zagaye akurkin da sabuwar ragar waya, siririyar nan mai ido mai kusurwa shida. A gidan mahaifina a Zariya irinta ta haura shekara goma, har yau tana tsaye. Tawa kuwa ruwan Yuni da Yuli kawai ta sha, gindinta ya yi jawur, da an taɓa sai ta ɓare a hannu. Shekaranjiya da dare wani abu ya shiga ta wurin, na wayi gari da mushen kaji bakwai. Don Allah duk wanda ya taɓa fama da wannan ya faɗa mini yadda ya yi, ba na son in sake zuba kuɗi a rijiya.

Mai walda, Owode Onirin

Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri, Hajiya. Shekarata 14 ina walda a nan, kuma abin da ya same ki ya same ni a farkon zuwana. Na haɗa wa wani bawan Allah kejin zomaye yadda na saba yi a Kano, bai rufa wata takwas ba ya dawo mini da shi a bayan Keke, duk mahaɗar walda ta zama tsatsa. Da kuɗina na sake masa.

A Arewa hunturu da rani suna busar da ƙarfe fiye da rabin shekara. Nan iska kullum a jiƙe take, ga gishirin teku a cikinta. Abin da ke kare waya shi ne rufin tutiya, wanda 'yan kasuwa ke kira galbanayiz, kuma iri biyu ne. Akwai wanda ake shafawa da lantarki, mai ƙyalli da santsi, shi ne ya fi ɗaukar ido amma rufin siriri ne. Akwai wanda ake tsoma ragar gaba ɗaya cikin narkakkiyar tutiya, launinsa toka-toka ne, da ɗan kaushi, wani lokaci har da ɗigon da ya daskare a mahaɗa. Wannan na biyun shi ne na Legas. Ki duba mahaɗar da kyau: in an yi walda ne bayan an rufe wayar, wuta ta ƙone rufin a wurin, daga nan tsatsa za ta kama.

Sai kauri. Da geji ake auna kaurin waya, kuma lambar geji in ta yi sama waya ta sirance, wato geji 20 bai kai geji 16 kauri ba. Mutane da yawa suna ɗauka akasin haka ne, mai kanti kuma ba kowane ne zai gyara maka ba.

Baba mai raguna, Alaba Rago

'Yata, sannu da jarabawa. Tun ina saurayi nake Ikko, raga nawa na zubar Allah kaɗai ya sani. Fitsarin dabba da kashin kaji sun fi ruwan sama cin waya. Kada raga ta taɓa ƙasa. Ni bulo layi biyu nake jerawa, raga ta hau kansa, sannan a shafe gindinta da fenti kafin damina. Tun da na fara haka na huta.

Birkila, Ajah

Nawa ba na kaji ba ne amma ciwon ɗaya ne. Mu ragar kankare muke sawa a daɓe, wadda ake ce wa BRC. Mai lamba A142 rodinta milimita 6 ne, tsakanin kowane biyu milimita 200. A193 kuma milimita 7. Wani aiki da na karɓa a wajen Sangotedo, mai gida ya sayo raga da kansa aka jibge ta a fili kan yashi, kuɗi suka yanke, ta kwana wata biyar ruwa yana dukanta. Da muka dawo, ɓawon tsatsa ke zuba daga jikinta. Ja-ja kaɗan a jikin rodi ba ya hana aiki, burushin waya ya isa. Amma in ta fara ɓawo kaurin ne ya tafi. Na ce masa ba zan zuba a kanta ba, muka yi ta ja-in-ja, har ya ce na fiye iyayi. Daga baya da ya ga ana lanƙwasa ta da yatsa biyu ya yarda.

Wani abin da ke ƙona mini rai shi ne yaran da ke shimfiɗa raga kai tsaye a kan leda su kwarara kankare. Raga a ƙasan daɓe ba ta aikin komai, kuma danshi zai same ta. Sai an ɗaga ta da 'yan gutsattsarin siminti da muke ce wa biskit, yadda kankare zai lulluɓe ta sama da ƙasa.

Mai tsire, Obalende

Malam mai walda, a ƙara wa jama'a wannan: galbanayiz ba ta wuta ba ce. Lokacin da na buɗe teburina na yanko ragowar ragar shinge na ɗora kan garwashi. Farin hayaƙi ya tashi, daren nan na kwana da zazzaɓi da ciwon kai, naman kuwa duk na zubar, ban iya sayar wa mutane ba. Yanzu ragar sitenles, farin ƙarfen nan mai jure tsatsa, nake amfani da ita. Tsada gare ta, amma shekara uku ke nan wanki kawai nake yi.

Mai walda, Owode Onirin

Gaskiyarka ɗan'uwa, tutiyar ce ke ƙonewa, mu ma in muna walda a kanta sai a fili. Sitenles ma kala-kala ce: mai lamba 304 ta isa aikin abinci, amma wanda ke bakin ruwa kamar Lekki ko Badagry, 316 ta fi jure gishiri.

Amaryar Agege

Yaya Maman Khalifa, ki duba girman idon ma, ba tsatsa kaɗai ba. Ni tawa ba ta ruɓe ba amma ɓeraye suna shiga suna kwashe 'yan tsaki. Ragar kaji ta gargajiya an yi ta ne don ta tsare kaji a ciki, ba ta tsare ɓera a waje. Maigidana ya sa mini mai ido murabba'i ƙanana, na kwatan inci, daga ƙasa zuwa ƙugu, sama kuma ya bar mai faɗin ido don iska.

Maman Khalifa, Ikorodu

Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Na fita yanzu na duba ragowar naɗin da ke ɗaki: mai ƙyallin ce, kuma a ƙasa aka binne gindinta, daidai inda kashin kaji ke taruwa. Baba, na yi magana da mai bulo, jibi zai kawo. Yau da dare da tsohon kwano za mu toshe wurin. Malam mai walda, in na zo Owode ranar Asabar, geji nawa zan ce a ba ni na gefen ƙasa?