Kwafi na uku ba ya fitowa a takardar rasit mai ninki uku

Assalamu alaikum, iyayen gida masu ɗab'i a Katsina. Ina neman shawara kan dogon rasit mai ramuka a gefe, inci 9.5 da 11, wanda ba a sa masa kabon. Jerin daidai yake: farar CB (mai maganin fitar da kwafi a bayanta) a sama, ruwan hoda CFB (mai magani gaba da baya) a tsakiya, rawaya CF (mai magani a gaba kaɗai) a ƙasa.

A firintar Epson LQ-350, mai buga rubutu da allurai, ake bugawa. Na farko da na biyu tas, na ukun kuwa dishi-dishi, musamman lambobin gefen dama. An matso da kan firintar kusa da takarda, sai allurai suka fara kartar farar. An sauya ribon (zaren tawada), ko da yake shi na sama kaɗai yake yi wa aiki. Idan aka danna biro da hannu, rubutun yana ratsawa har ƙasa, don haka maganin da ke bayan CFB bai mutu ba.

Ga kuma zamewa: bayan shafi kamar 20, rawayar takan goce daga haƙoran da ke jan takardar, layuka su saɓa. Katan ɗin takardar ya sha iskar hunturu a buɗe. Bushewar ce ta lanƙwasa ta, ko matsin gefen da ke riƙe ukun ne ya yi sako-sako? Ko allurai ne suka cinye?