Cressida ta na hayaƙi da safe, bawul sil ne ko ringi?

Ɗan Jidda:
Salamu alaikum jama'a, masu sanin inji don Allah ku taimaka min. Tsohuwar Cressida gare ni mai injin 22R, in ta kwana na tayar da ita da asuba sai shuɗin hayaƙi ya turnuƙe ta salansa na ɗan lokaci sannan ya ɗauke, haka ma in na daɗe a danja tana sulo na zo tashi, ga baƙin mai kullum cikin ƙari nake. Wani a sina'iyya, wato unguwar garejoji, ya ce sai an sauke inji an sa ringin fistin, kuɗin da ya faɗa wallahi ya kusa kuɗin motar, kuma fahas, wato binciken lafiyar mota na hukuma, ya matso, da ita nake ci da iyali.

Bakanike a Makka:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa kar ka bari a sauke maka inji tukuna. Wannan alamar bawul sil ce, robar nan da ke kan sandar bawul, zafin ƙasar nan da shekaru ke busar da ita ta ƙage, to in mota ta kwana mai sai ya riƙa zurarewa cikin silinda, da ka tayar ya ƙone. Na ringi daban ne, shi ko yaushe ka taka totur hayaƙi ne kuma mota ba ƙarfi. In ka gangaro dutsen Hada daga Ɗa'if da giya, ka ƙara wuta a ƙasa ka duba madubi, in ta watso hayaƙi to sil ne. Amma a fara auna kwamfireshin, wato ƙarfin matsin iska a silinda.

Mai Hilux:
Ana canjawa ba a cire kan inji ba ma, a cire fulogi a zura igiya mai laushi ta ramin, a juya fistin ya danne ta don kar bawul ya faɗa ciki, sai a matse sifirin a zare sil.

Bakanike a Makka:
Haka ne Alhaji a wasu injina, amma 22R ƙusoshin da suka riƙe roka, wato ƙarafan da ke danna bawul, su ne suka ɗaure kan injin, ka kwance su gaskit na iya motsawa ruwa ya haɗu da mai. Ni dai in tawa ce cire kan zan yi, sabon gaskit, sil 8 masu jure zafi, a girgiza kowane bawul a gani don in gaid ɗinsa, wato bututun da sandarsa ke ciki, ya cinye sabon sil ɗin ba zai daɗe ba.

Ɗan Jidda:
Allah ya saka da alheri Malam, bayan Juma'a zan kai a auna.