Kujerar kansila ta mace: tata ce ko ta mijinta?

Alhaji Sani: Ni dai maganata ɗaya ce. Ware wa mata kujeru a ƙananan hukumomi ba ya kawo ci gaba. Suna kawai ake canjawa a takarda, amma mai juya akalar yana nan, ko miji ne ko ubangida a jam'iyya.

Maman Ilham: Alhaji, da girmanka, ban yarda ba. Indiya ta gyara kundin tsarin mulkinta a 1992, ta ware wa mata kashi ɗaya bisa uku na kujerun majalisun ƙauyuka, har da na shugabanci. Jihar Bihar ta can ma ta kai shi rabi a 2006. Da masu bincike suka bibiyi ƙauyukan Yammacin Bengal da Rajasthan, sai suka tarar inda mace ke shugabanci an fi kashe kuɗi kan ruwan sha. Ɗaya daga cikinsu Esther Duflo ce, wadda ta samu kyautar Nobel a 2019. Wanda yake ɗaukar jarka a ka shi ya san ciwon nisan rijiya.

Alhaji Sani: A Indiyar nan ai kuka ake yi da mazajen da ke zama a ofis suna sa hannu, matar tana gida.

Maman Ilham: Akwai wannan, ban musa ba. Amma duk da shi ruwan ya ƙaru. Da mazan ne kaɗai ke yanke shawara, ina bambancin zai fito?

Malam Issoufou: Ku bari in sa baki daga Maradi. Mu nan Nijar muna da dokar kaso, wato ta ba mata kasonsu na kujeru, tun 2000. Ta fara da kashi 10 cikin ɗari na kujerun zaɓe, aka ɗaga zuwa 15 a 2014, sai 25 a 2019. Na ga matan da suka shiga majalisar gari ba su iya ɗaga murya a gaban maza ba, bayan shekara biyu su ne ke tsare magajin gari da tambaya kan kuɗin kasuwa da gidan haihuwa. Amma a 2024 sojoji suka rushe majalisun gaba ɗaya, aka naɗa masu riƙo. Kujerar mace da ta namiji duk tare suka tafi.

Anti Rabi: Abin da ke ƙona min rai ke nan. A Najeriya ƙananan hukumomi 774 muke da su, kuma kowa ya san gwamna ne ke fitar da ɗan takara, hukumar zaɓen jiha ta buga hatimi. Taron raba tikiti sai tsakar dare ake yinsa. Wace matar aure ce za ta je? Mu ne layin zaɓe, mu ne anko da guɗa, in an zo rabo a ce ga “shugabar mata”, shike nan.

Alhaji Sani: To Hajiya, kin dawo kan maganata. In gwamna ne zai zaɓa, matar yaronsa zai ɗauko.

Anti Rabi: Yanzu ma ai yaron nasa yake ɗaukowa, ban ji ka ce a hana maza takara ba. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri da duka a NEPU tun matan Arewa ba su da ƙuri'a, sai a ƙarshen shekarun 1970 aka ba mu. Lokacin ma cewa aka yi mazanmu ne za su faɗa mana inda za mu dangwala.

Malam Issoufou: Anti, ina batun ba mata kashi 35 cikin ɗari da kotun tarayya ta Abuja ta yi hukunci a kai a 2022?

Anti Rabi: Na muƙaman naɗi ne, kuma har yau muna jira. Ni abin da nake so, tun da Kotun Ƙoli ta ce a 2024 a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, a samu mata a teburin da za a kasafta kuɗin. Asibitin mazaɓarmu babu ungozoma da dare.

Alhaji Sani: Wannan kam ku kawo takarda, zan sa hannu. Amma batun ware kujera, har yanzu ban gamsu ba.

Maman Ilham: To faɗa mana wata hanyar da za su shiga, Alhaji. Muna sauraro.