Farin da ke lulluɓe tuddan yashin duniyar Mars, ƙanƙara ce?

Baban Ummi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni tela ne, ban yi zurfi a boko ba, amma ina son hotunan sararin samaniya. Na ga wani na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka: tuddan yashi a ƙuryar arewacin Mars, fari ya lulluɓe su, ga ɗigo-ɗigon baƙi, har da wasu layuka da na rantse bishiyoyi ne. Ba an ce ba a ruwan sama a can ba? To farin nan daga ina?

Malama Mai Fizis:
Wa alaikumus salam Baban Ummi. Ƙanƙara ce, amma galibinta ba ta ruwa ba ce. Kusan kashi 95 cikin 100 na iskar Mars kabon dayokside ce, irin wadda muke fitarwa in mun yi numfashi. Da hunturu, idan sanyi ya kai wajen 125 ƙasa da sifili a ma'aunin Salsiyas, iskar ce da kanta ke daskarewa ta kwanta a kan yashi. Shekararsu kwana 687 ce, saboda haka hunturun ba ya saurin tafiya.

Baƙin ɗigon kuwa aikin rana ne. In ta dawo bayan hunturu, haskenta kan ratsa ƙanƙarar ya ɗumama baƙin yashin da ke ƙasa. Wannan ƙanƙara ba ta narkewa ta zama ruwa, kai tsaye take komawa iska. Sai iskar ta taru a ƙarƙashi, ta matsu, ta fasa ta fito da ƙarfi tana feshin yashi a kan farin.

Ɗan Agadas:
Yaya, babu bishiya ko ɗaya! Yashi ne ya zubo ta gangaren tudu, a kwance yake, ɗaukar hoto daga sama ce ta yaudari idonka. Siffar tuddan ma, mai kama da jinjirin wata, muna da irinta a hamadar Tenere, iska ce ke sassaƙa su.

Baban Ummi:
Ikon Allah! Malama, wa ke ɗauko hotunan?

Malama Mai Fizis:
Kyamarar HiRISE da ke jikin kumbon Mars Reconnaissance Orbiter, wanda ke kewaya Mars tun 2006. Babban filin yashin da ke ƙuryar arewacin Mars sunansa Olympia Undae. A 2011 masaniyar kimiyya Candice Hansen da abokan aikinta suka gwada hotunan shekara da shekara, suka nuna fashewar nan tana zaftare gefen tuddan, ta bar sababbin kwaruruka. Kafin nan masana da dama sun ɗauka tuddan a sandare suke, ba sa motsi.