Wai Leaflet da OpenStreetMap sun wadatar, ko dole sai Google Maps?

Auta: Salam 'yan uwa. Ina haɗa manhajar kai kaya ne, so nake kwastoma ya rubuta adireshi taswira ta nuna wurin, sannan ta zana wa direba hanya. Wani ya ce min wai Leaflet (kod ɗin nuna taswira a shafin intanet) da OpenStreetMap (taswirar duniya da masu sa kai ke zanawa) sun gama komai kyauta, duk mai biyan Google Maps asarar kuɗi kawai yake. Gaskiya ne?

Ɗan Leaflet: Wa'alaikumussalam ƙanina, bai maka ƙarya ba. Leaflet tun 2011 ake aiki da ita, Volodymyr Agafonkin ne ya rubuta ta, nauyinta bai wuce kilobait 42 da ɗan wani abu ba, ko a ƙaramar waya garau take buɗewa. Ka rubuta umarnin L.map, L.tileLayer, da L.marker mai ɗora alamar wuri, shikenan taswira ta fito, ka dai tuna ka ba div ɗin, wato akwatin da taswirar za ta zauna, tsayi a CSS in ba haka ba fari fat za ka gani. Adireshi ka ba Nominatim, mai mayar da shi lambobin wuri, hanya kuma ka sa fulogin, wato ƙarin kod, na Leaflet Routing Machine. Tun 2018 Google suka wajabta makullin API, wato lambar izinin amfani da taswirarsu, da asusun biya, a nan kuwa ba mai tambayarka kati.

Malam Mai Saba: A'a yallabai, a nan ne muke ruɗa masu koyo. Leaflet fa allo ce kawai, ba ta san ko titi ɗaya ba a duniya. Hotunan da kake gani tayil-tayil ne take jawowa daga wata saba, wato kwamfutar da ke aiko bayanai ta intanet, mayar da adireshi zuwa lambobin wuri wata sabar ce daban, lissafin hanya ma wata daban, abu uku kenan kuma kowanne akwai mai biyan wutarsa da injinsa. Abin da yake kyauta shi ne kod ɗin da bayanan, su ma bayanan suna ƙarƙashin lasisin ODbL, dole ka bar sunan OpenStreetMap a kusurwar taswirar, kar ka goge shi don wai ya yi kyau. Sabar Nominatim ta jama'a dokarta a fili take: kar ka wuce tambaya 1 a daƙiƙa, ka ajiye amsar da ka samu, kuma an hana irin akwatin nan da yake cike maka adireshi kana cikin rubutu, don duk harafin da mutum ya danna tambaya ce sabuwa ta tafi. To Auta kwastomominsa ashirin su shigo lokaci guda, ya kenan? Toshe shi za a yi, kuma da gaskiyarsu, da gudummawar mutane ake riƙe injinan nan.

Ɗan Leaflet: To Malam ai sai ya ɗora su a tasa sabar. Nominatim da OSRM mai lissafin hanya duk kod ɗinsu a buɗe yake, ya sauke bayanan ƙasar da yake aiki kawai ba duniya gaba ɗaya ba. Akwatin cike adireshi kuma ga Photon na Komoot, don wannan aka yi shi.

Malam Mai Saba: Madalla, ka ga mun bar maganar kyauta kenan. Saba haya ce, OSRM kuma cin memori gare shi lokacin da yake shirya bayanan, sannan wani ne zai zauna yana sabuntawa in an buɗe sabon titi ko an mayar da wani hanya ɗaya. Kuma shi fulogin ɗin da ka ambata, in ka sa shi yadda ya zo sabar gwaji ta OSRM yake kira, ba a yi ta don kasuwanci ba.

Anti Mai Kod: Ni dai ku bar ni in faɗi nawa, don duk ku biyun kun tsallake abin da ya fi damun direba. OSRM da gudun da aka ƙiyasta wa titi yake lissafi, bai san akwai gosulo yanzu-yanzu ba sai in kai ka nemo bayanan cunkoso ka ba shi, Google kuwa suna da su saboda wayoyin da ke kan hanya. In alƙawarin lokaci za ka yi wa kwastoma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma Auta kar ka ce za ka yi wayo ka ɗauko lambobin wuri daga Google ka ɗora kan taswirar Leaflet mai tayil ɗin OpenStreetMap, sharuɗansu sun hana nuna sakamakonsu a taswirar da ba tasu ba, ajiye lambobin ma na ɗan lokaci ne, kwana 30.

Ɗan Leaflet: Yauwa Anti, wannan ɗaurin shi nake gudu. Ku tuna ƙarshen 2020 da kamfanin Mapbox suka sauya lasisin kod ɗinsu na taswira GL JS suka rufe shi, ai saboda tsohon kod ɗin a buɗe yake shi ya sa aka samu MapLibre a madadinsa, da a rufe yake da kowa ya shiga uku.

Anti Mai Kod: Ban musa ba. Shawarata ya ɗauki adireshi 50 na ainihin kwastomominsa, da kurakuran rubutunsu da komai, ya gwada a duka biyun ya ƙirga wanda ya faɗa daidai ƙofar gida. OpenStreetMap tun 2004 masu sa kai ke zana ta, wani garin har lambar gida akwai, wani kuwa babban titi kawai za ka tarar.

Auta: Na gode sosai wlh. Amma yanzu na gwada, alamar tawa tsakiyar teku ta faɗa, kuma daga fayil ɗin bayanan wurare na GeoJSON na kwafo lambobin kai tsaye na sa a L.marker

Malam Mai Saba: Juya su ƙanina. GeoJSON lonjitud yake farawa da shi sannan latitud, L.marker kuwa latitud yake so a gaba. Ko ka miƙa fayil ɗin gaba ɗaya ga L.geoJSON, ita da kanta take juyawa. In ka zo kiran OSRM ma lonjitud ne farko, ka kula.

Auta: Ta dawo kan titi Alhamdulillah. Bari in tattaro adireshin nan 50, gobe in Allah ya kai mu zan turo abin da na samu.